Infiniti G35 ta fi gudu, Lexus ES 350 ta fi kasuwa: wacce ya kamata matashi ya saya?

Wani abokina da muke rubuta manhaja tare ya kammala aikin da ya shafe kusan shekara guda yana yi wa wasu mutane a ƙasar waje, aka biya shi kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa ba tunda uwarsa ta haife shi. Sati bai zagayo ba ya fara turo min hotunan motoci ta WhatsApp, wani lokacin ƙarfe biyun dare. A ƙarshe ya tsaya a kan guda biyu: Lexus ES 350 ƙirar 2008 da Infiniti G35 ƙirar 2007. Ta biyun ta fi ƙarfin inji, ta fi ɗaukar ido idan tana tafiya, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na Lexus ɗin ba. Tambayarsa ita ce, idan ta fi ƙarfi kuma ta fi araha, me ya sa duk wanda ya nuna wa sai ya ce masa ya ɗauki Lexus?

Na san waya da kwamfuta muka saba tattaunawa a nan. Amma motar 2007 cike take da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna ta waya, kuma ga mafi yawanmu ita ce na'ura mafi tsada da za mu taɓa saya kafin mu yi gida. Idan ka yi kuskure a waya, wata uku ka farfaɗo. Kuskuren mota yana iya cinye maka aikin shekara.

Duka waɗannan sunaye an ƙirƙire su ne don kasuwar Amurka. Honda ta fara da Acura a 1986, sai Toyota ta fito da Lexus a 1989, Nissan kuma ta kawo Infiniti a wannan shekarar. Shi ya sa kusan duk wadda za ka gani a titin Kano ko Kaduna ko Abuja daga Amurka ko Kanada ta fito, ko da dillali ya ce maka 'yar Beljiyam ce. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

A takarda, G35 ta cinye gasar tun kafin a fara. Ƙirar 2007 da 2008 tana da inji mai silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 306, kuma tayoyin baya ne ke tura ta, kamar BMW da Marsandi. Tun zubin farko na 2003 a kan ginshiƙi ɗaya aka gina ta da motar tsere ta Nissan 350Z, a Japan ma da sunan Skyline ake sayar da ita, kuma mujallar Motor Trend ta ba ta kambun motar shekarar 2003. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 ba ta cika daƙiƙa shida. Ita kuwa ES 350, ita ma lita 3.5 ce, amma ƙarfin dokinta 272, tayoyin gaba ke jan ta, tana cin kusan daƙiƙa bakwai, kuma idan ka cire mata fata da katako da abin kashe ƙara, Camry ce a ƙasa. Na tuƙa duka biyun. A G35 sitiyarin yana gaya maka abin da taya ke takawa, idan ka danna totur sai ka ji kujera ta tura bayanka. ES kuwa kamar kana zaune a falon gidan wani Alhaji ne ana jan falon. Idan zuciyata ce za ta zaɓa, G35 zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Duk da haka Lexus ɗin na ce masa ya nema, kuma dalilina daga kasuwar waya na koyo shi.

Ka shiga Farm Centre a Kano da tsohuwar iPhone a hannunka. Kafin ka kai rumfa ta uku an taya ta sau biyar, kuma kowa ya san farashinta kusan zuwa naira dubu ɗaya. Ka koma gobe da wata babbar wayar Android wadda ta fi ta kyamara, ta fi ta allo, ta fi ta batir, amma sunan da ba a saba da shi ba. Za a juya ta, a yaba, a ce "gaskiya waya ce," sannan a taya ta rabin kuɗi. Mai rumfar bai raina wayar ba. Lissafi yake yi: idan gilashinta ya fashe a ina zan samo, wa zai gyara, kuma wata nawa za ta yi a cikin gilashina kafin wani ya tambaya? Farashin tsohon kaya yana bin yawan mutanen da ba sa tsoron sayen sa ne, ingancinsa yana zuwa daga baya.

Injin ES 350, wanda Toyota ke kira 2GR-FE, shi ne a cikin Camry mai silinda shida daga 2007, shi ne a Avalon daga 2005, shi ne a Sienna da Highlander da Venza da RX 350. Ka yi tunanin yawan waɗannan motoci a Najeriya. Duk wani makaniken Toyota da ya san hannunsa ya buɗe wannan inji ba sau ɗaya ba. Kayansa suna Ƙofar Ruwa, suna Panteka a Kaduna, suna Apo a Abuja, ba sai an yi waya Ladipo a Legas an jira mota ta taso ba. Idan ma injin ya ƙone ƙurmus, akwai na sakan a ajiye ana jiran ka. Sarƙa ce ke haɗa taimin ɗinsa, saɓanin ES 330 ta 2004 zuwa 2006 wadda bel ne da ita da ake canzawa lokaci-lokaci. Wanda zai sayi motar daga hannunka bayan shekara uku ya san duk wannan, ko bai taɓa jin sunan 2GR ba. Abin da ya sani shi ne kawunsa yana da irinta, kuma ba ta kwana a gareji.

G35 ba ta da wannan dangi a nan. Injinta na gidan VQ ne, kuma akwai 'yan uwansa a Murano da Pathfinder da Maxima, to amma samfurin da ke cikin ta 2007 daban yake da nasu a abubuwa da yawa, giyabos ɗinta na motar da ake turawa ta baya ne, ƙafafunta na aluminiyam ne masu gaɓoɓi da yawa. Fitilar baya ɗaya ta fashe maka a gosulo sai ka yi sati kana waya. An kuma san zubin farko da shan baƙin mai idan sun tsufa, da mutuwar na'urorin da ke gaya wa birenbos inda inji yake a juyawarsa, abin da ke sa mota ta mutu tana cikin tafiya. Duk ana gyara su. Matsalar ita ce wanda zai gyara. Makaniken da bai san mota ba, da kuɗinka zai koye ta, kuma maganin farko da zai ba ta idan ta yi zafi shi ne ya cire abin daidaita zafin ruwa ya haɗa fanka kai tsaye.

Sai fetur. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da mai saye ke yi ta canza daga "tana gudu?" zuwa "ya shan manta?" A ma'aunin hukumar muhalli ta Amurka ES 350 tana yin kimanin kilomita takwas da lita ɗaya a cikin gari, G35 kimanin bakwai. Bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba, sai dai wanda ya sayi G35 ba don ya riƙa lallaɓa totur ya saye ta ba, don haka a zahiri ya fi haka. Ga shi kamfanin ya ce a ba ta fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ne a gidajen manmu, ka sha ko ka bari.

Kafin in wuce, akwai wani ruɗi da ya kamata a warware, domin shi dillalai ke amfani da shi wajen zuga samari. Za ka ji an ce, "Lexus ba ta faɗuwa, wane ya saya miliyan huɗu ya sayar miliyan takwas." Mu ɗauki wannan a matsayin misali mu yi lissafi. A tsakiyar 2021 dala tana wajen naira 500 a hannun 'yan canji, ke nan miliyan huɗu dala 8,000 ce. A 2024 dala ta haura naira 1,500, miliyan takwas ba ta kai dala 5,400 ba. Wane bai ci riba ba, asarar kusan kashi ɗaya cikin uku ya yi, kuma zai gane haka ranar da ya je sayen wata irinta da kuɗin. Ga mutum irin abokina da ake biya da dala, wannan lissafin ne kaɗai ke da ma'ana. Babu tsohuwar motar da take jari. Abin da Lexus ke ba ka shi ne ƙaramar asara, da kuma saurin fita. Ranar da ka matsu, haya ta ƙare ko an kwantar da mahaifiya a asibiti, ES 350 mai lafiya za ta zama kuɗi cikin kwanaki. G35 za ta yi wata da watanni a gaban gida da jarka a kanta, masu taya suna zuwa suna ɗaukar hoto.

Akwai wasu da ke shigowa wannan muhawara, kuma ɗaya daga cikinsu tana ba ni tausayi: Acura TL ta 2004 zuwa 2008. A tsakiya take, ƙarfin doki 270 a lissafin farko, 258 bayan an sauya hanyar aunawa, akwai kuma Type-S ta 2007 mai 286. 'Yar uwar Honda Accord ce, kuma kowa ya san yadda Arewa ke son Honda, daga EOD zuwa DC. Amma da an ga tambarin Acura sai a ja baya. Wani ɓangare na laifin na yayarta ce, TL ta 1999 zuwa 2003, wadda ta yi ƙaurin suna wajen mutuwar giyabos, tabon ya bi ƙanwar. A wajen masu son na'ura kuwa TL ta 2004 abar tarihi ce, domin tana cikin motocin farko da suka zo da Bluetooth na amsa waya a kowane samfuri ba tare da ƙarin kuɗi ba, lokacin da yawancinmu ba mu taɓa riƙe waya mai kala ba. Abin dariyar, wannan na'urar ce ta zama ciwonta: idan ta tsufa takan ƙi yin barci bayan an kashe mota, ta tsotse batir kafin safiya. Masu motar da yawa zare mata waya kawai suke yi su huta. Wanda bai san haka ba zai canza batir biyu da altaneta yana zagin mai rewaya.

Lexus ɗin ma ba duka ne suke da sauƙin ES ba, kada tambarin ya ruɗe ka. GS 300 ta 2006 da IS 250 suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kuma an san su da tara baƙin gawayi a bawul. GS 350 daga 2007 ta rage wannan da fesawa ta hanya biyu, tana da ƙarfin doki 303 da turin baya, ita ce amsar Lexus ga mai son gudu, amma masu neman ta ba su kai masu neman ES ba. LS 430 ta 2001 zuwa 2006 kuwa, mai silinda takwas, a ganina ita ce mafi ingancin ƙira a duk waɗanda na ambata. Saye ta a yau kamar a ba ka kyautar doki ne kana zaune a ɗakin haya. Idan kuma mai shokozoba na iska ce, ka fara tara kuɗi tun daga ranar farko.

To, ga inda nake rabuwa da masu cewa "kawai ka sayi Lexus." Saboda kowa na son ES 350, ita ce motar da aka fi yi wa kwaskwarima a sayar. Ka tuna daga Amurka suke zuwa. Da yawa daga cikinsu a wuraren gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama ake sayo su, irin su Copart da IAA: wadda ta yi haɗari, wadda ambaliya ta shanye, wadda aka sace aka gano. Fanal bita mai kyau zai mayar da ita amarya, a rage lambar kilomita, a fesa turare. Ba kowace 'yar gwanjo ce matacciya ba, wata gefe kawai aka goga. Amma wadda ruwa ya kwana a cikinta, wayoyinta za su riƙa ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe makulli ya ƙi ganewa, kuma babu makaniken da zai iya ce maka ga ranar da za ta daina.

Lexus ɗin da abokina ya turo min hotonta mun je mun gan ta. A waje ba ta da makusa. Na fito da 'yar na'urar ELM327 da nake yawo da ita, wadda kuɗinta bai kai na cajar waya mai kyau ba, na soka a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan rami na OBD-II, doka ce. Na haɗa da wayata ta Bluetooth, na buɗe manhajar Car Scanner. Babu lambar matsala ko ɗaya. Dillalin ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko, samari? Ni ba na ajiye gawa."

Na ce, "Haka ne, Alhaji, amma bari in duba wani wuri."

Akwai shafin da ke nuna gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta tana tafiya, da kuma nisan da ta yi tun ranar da aka goge mata lambobin matsala. Nisan ya nuna kilomita huɗu, gwaje-gwajen kusan duk ba su kammala ba. A yi adalci, cire batir ma yana jawo haka, kuma motar da ta daɗe a ajiye batirinta kan mutu. Don haka na roƙi mu zaga da ita. Ya ce babu mai. Abokina ya ce zai zuba. Mun yi kusan rabin awa a babban titi, muka tsaya muka kashe ta muka sake tayarwa muka ci gaba, sai ga P0420 da P0430 sun fito a jerin masu jiran tabbaci. Ma'anarsu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki a ɓangarorin biyu, kuma a ƙasar nan yawanci hakan na nufin an fasa an kwashe ta an sayar. Na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ƙusoshin sun yi jajir da tsatsa, ga busasshen laka a lungu. Da muka sa lambar VIN ɗinta mai harafi da lamba 17 a Google, hotunanta na wurin gwanjo suka fito, da alamar ruwa har rabin ƙofa. Alhaji ya ce shi ma haka aka kawo masa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Muka yi masa godiya muka tafi.

Wannan binciken duka da waya aka yi shi, kuma bai ci awa biyu ba. Ka nemi VIN tun kafin ka bar gida, dillalin da ya ƙi ba ka ya riga ya ba ka amsa. Ka sa ta a Google, ka sa ta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka wanda ke nuna kyauta ko akwai gyaran da kamfani ya kira ba a yi ba, musamman na jakar iska ta Takata da ya shafi motoci da yawa na waɗannan shekaru. Idan da hali ka biya a ciro maka rahoton Carfax ka ga kilomitar da aka rubuta mata ta ƙarshe a can. A ES 350 ta farko-farko, ka sa makanike ya duba bututun baƙin mai na gefen inji: na asali yana da sashen roba da kan fashe ya zubar da mai cikin mintuna, daga baya aka koma na ƙarfe zalla. Ka taɓa dashbod da rana, na 2007 da 2008 da yawa suna narkewa su yi danƙo. Ka kuma saurari giya tsakanin ta uku da ta huɗu da sanyin safiya, idan inji ya yi ihu kafin ta shiga, ka rage kuɗi ko ka haƙura.

Kada kuma allon dashbod ya sa ka ƙara ko sisi. Taswirar da ke ciki ta Amurka ce a kan faifan DVD, a Zariya za ta nuna maka kana tsakiyar babu. Bluetooth na 2007 zuwa 2009 na kira ne kawai, sai daga 2010 aka sa na jin waƙa da ramin USB. Mai allo ma ta fi wahalar sauyawa zuwa allon Android, saboda wasu maɓallan esi a cikinsa suke. Ni da zan samu marar allo mai lafiya, ita zan fi so.

Akwai wanda zan ce wa ya sayi G35 da zuciya ɗaya. Mutumin da yake da wata motar ta zuwa aiki, ya san makaniken Nissan na gaske ba na jin labari ba, zai iya yin odar kaya ta intanet ya jira sati uku ba tare da rayuwarsa ta tsaya ba, kuma ya ƙudurta zai riƙe ta har ta mutu a hannunsa. A wajen irin wannan mutum rashin kasuwarta alheri ne, domin wani ne ya riga ya ɗauki asarar, shi ya samu ƙarfin doki 306 a farashin Corolla. Abokina ba shi ba ne. Motarsa ta farko ce, aikinmu yau akwai gobe babu, kuma ana maganar aurensa bayan Sallah.

Da ya ga farashin ES masu lafiya ya fi ƙarfin abin da ya ware, sai na nuna masa Toyota Avalon ta 2008. Inji ɗaya ne da na ES 350, giya shida ita ma, kujerar baya ta fi faɗi, makanike ɗaya, kasuwar kaya ɗaya. Abin da babu shi ne harafin L a gaba, da ɗan ƙarin shirun cikin ɗaki. Ya kalli hoton ya ce motar 'yan fansho ce, budurwarsa za ta ɗauka ta babansa ya aro. Har yanzu bai saya ba. Jiya da dare ya sake turo min VIN uku, biyu na ES 350, ɗaya na G35 ɗin nan dai da ya ce ya haƙura da ita.